Jirgin Kadiri Mai Fukafukai Gaba

Idan ka tambayi mutanen Maamobi wane ne Kadiri tela, amsar da za ka samu ta danganta da bakin da ka tambaya. Matan da ke kai masa ɗinki za su ce ba a taɓa mayar masa da riga ba, sai dai mutum ya yi haƙuri da shirunsa, don sai ka gama zuba bayani ya ɗago ya ce "to", shi ke nan. Limamin masallacin lungunsu ya ce mutum ne da ba ya fashin jam'i, amma da ana neman shawararsa, da ya rage kallon sama. Mai koko da ƙosai ta bakin hanya ta ce kada ka sake ka ajiye takarda mai kyau kusa da shi. Awudu direban motar haya ta trotro kuwa, wanda bakinsa da motarsa duk birkinsu ɗaya, cewa yake yi, "Wancan? Ai shi ne mai kamfanin jirage na Zongo. Jirage fal ɗaki, fasinja ko ɗaya babu."

Wansa Jibirilu mahauci shi kaɗai ne ba ya tofa komai. Sai dai duk lokacin da aka kawo masa buhunan siminti da yake yayyagawa yana ƙunshe nama, yakan ɓare fallen tsakiya, wanda ƙura ba ta taɓa ba, ya ajiye can ƙarƙashin tebur. Da rana idan ƙanen ya zo suka sa hannu a kwano ɗaya, kamar yadda suka saba tun rasuwar mahaifinsu, sai ya tura masa takardun da ƙafa, kamar abin da ya tsinta a hanya.

Unguwar ba ta da nisa da filin jirgi. Idan babban jirgi ya taso, kwanon rufi ya ɗauki rawa, sai kowa ya haɗiye maganarsa. Mai ciniki ya tsaya da baki buɗe, masu faɗa su tsaya suna hararar juna, har ya wuce, sannan a ɗora daga inda aka tsaya. Amma ba irin waɗannan jiragen Kadiri yake kwaikwaya da takarda ba. Nasa jiragen gwaji ne, irin waɗanda Turawa ke ƙera ɗaya ko biyu don su ga abin da iska za ta ce. Wani ba wutsiya, wani shimfiɗaɗɗe kamar faifai, wani gangar jiki biyu da fiffike ɗaya. Iliasu, wanda ke gadi a gidan wani Bature, shi ke tsinto masa mujallun da aka zubar. Turancin Kadiri bai wuce wanda ya tsinta a ajin manya ba, don haka hoton yake karantawa. Hoto kuwa gefe ɗaya yake nunawa. Ɗaya gefen, da ciki, da ƙasa, duk shi zai yanka da kansa, kamar yadda yake yanka wa mutum riga bayan ya kalle shi sau ɗaya yana wucewa.

Jibirilu yakan tsaya wani lokaci a ƙofar shagon, wai yana jiran a gyara masa aljihu, alhali hannun ƙanen yake kallo. Ya ga yadda yake goge takardar da dutsen guga na gawayi har ta kwanta, ya zana da allin ɗinki, almakashi ya bi layi ba gargada. Haƙarƙarin ciki da tsinken tsintsiyar kwakwa yake yi, ya kankare kowanne da reza. Abin liƙi kuma sitacin rogo ne da yake dafawa da ruwan ganyen dogon yaro, tun daga shekarar da kyankyasai suka cinye masa jirage a dare ɗaya suka bar masa tsinkaye. Ran Lahadi bayan la'asar sai ya tafi bakin babbar gota, magudanar ruwan da ta raba Maamobi da Nima, ya cilla. Yawanci su kife. Ya sauka ya ɗauko, ya juya, ya ƙura ido, ya koma shago. Wani jirgin sai ya danna masa murfin kwalba a hanci, wani ya rage masa wutsiya, wani ya lanƙwasa masa bakin fiffike da ɗan yatsa. Sau ɗaya Jibirilu ya taɓa tambayarsa me ya sa ba ya barinsu yadda suke a hoto.

"Na Bature da inji, Yaya," in ji shi. "Nawa ba inji. Sai na lallashi iska."

'Yan shekaru bayan korar da aka yi wa mutane daga Legas, Iliasu ya kawo hoton wani jirgi da fukafukansa suka miƙa gaba, kamar mutum ya buɗe hannu zai rungumi wani. Wannan ya wahalar da Kadiri fiye da duk sauran. Tun kafin azumi yake fama da shi. Da ya cilla sai ya ɗaga hanci ya wuntsila ta baya. Ya warware, ya sake. Ya ƙara masa wasu 'yan ƙananan fukafukai kusa da hanci, ya ninka haƙarƙarin, ya ja zare ta cikin fiffike ya ɗaure a ƙirji don kada iska ta murɗe shi. Sai gab da layya, wata Lahadi, jirgin ya bar hannunsa ya miƙe sumul, ya tsallake gota ya sauka ɓangaren Nima. Jibirilu bai gani ba. Lokacin raguna ne, yana can mahauta ko wankan kirki ba ya samu.

A wannan shekarar ce Allah ya kira mahaifiyarsu, Inna Kaltume, zuwa ɗakinsa, aikin hajji. Al'adar unguwa ce idan alhaji zai dawo a shafe ƙofar gida da farar ƙasa, a sa mai zane ya zana jirgi a bango. Suna cikin cin tuwo wata rana, Jibirilu ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Maimakon a ɓata bango, ka rataya mana naka ɗaya."

Lomar da ke hannun Kadiri ta tsaya a hanya. Tun da ya fara wannan aiki, ba wanda ya taɓa cewa ya kawo.

"To, Yaya," ya ce.

Ran dawowar Hajiya, bayan sallar asuba Kadiri ya ja igiya daga wannan rufi zuwa wancan, ya rataya jirgin a tsakiyar lungu. Ya saƙalo wani siririn zare daga bayansa ya ɗaure a ƙusa jikin ƙofa. Bai yi wa kowa bayanin zaren ba. Ya bi 'yan tarya zuwa filin jirgi, ya bar Jibirilu da rago da tukwane.

Da hantsi lungu ya cika. Mata sun sha ankon fari, ana ta jera benci. Can sai ga Awudu, ya ajiye mota ya zo cin nama. Ya ɗaga kai, ya ja da baya, ya dafe ƙirji.

"Ei, Jibirilu! Wannan jirgi zuwa yake ko komawa? Wallahi Hajiya ta ga wannan, sai ta ce a mayar da ita Jidda!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce tela ya ɗinka hannun riga a baibai. Wani ya ce ƙila da duhu ya liƙa. Wata tsohuwa daga cikin dangin da suka zo daga Sabon Zongo ba ta yi dariya ba. Ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta so a tari mai dawowa daga ɗakin Allah da abin da ya juya baya, ba kyakkyawan fata ba ne.

Jibirilu yana durƙushe gaban rago, hannu duk kitse. Ba don kansa ya ji zafin ba. Gani ya yi nan da an jima dangi na nesa da na kusa za su taru, ƙanensa ya sauko daga mota, a tare shi da wannan dariyar, shi kuwa ba bakin ramawa gare shi ba. Ya goge hannu, ya hau benci, ya sauko da jirgin. Nauyinsa bai kai na ɗan tsako ba.

Ya sa bakin wuƙa inda fiffike ya haɗu da jiki. Mahauci ne ɗan mahauci, wuƙarsa ta san gaɓa tun kafin idonsa ya gani. Tana shiga ya ji. Ƙashin da ya goce daban, gaɓar da aka halitta a haka daban. Ta ɗan tsagar da ya yi ya hango haƙarƙarin tsinke a jere, kowanne ya karkata gaba, kowanne da gurbinsa. Ya ga zaren da aka ja kamar jijiya, ya ratsa ya ɗaure a ƙirji. Ba abin da ya kauce ko da ƙwayar gero. Irin wannan tsari bai taɓa ganinsa ba sai a cikin abin da Allah ya yi da kansa. Nan take ya san ba kuskure ba ne.

Amma ido ya yi masa yawa, kuma wuƙa ta riga ta shiga.

"Yauwa, Sarkin Fawa, gyara masa!" in ji Awudu.

Ya cire na dama, ya cire na hagu, ya juya su suka kalli baya. Ya nemi abin liƙi bai samu ba, ya aika aka ɗebo masa tuwo a tukunya, ya mulmula ya dandanna. Aka mayar da jirgin kan igiya. Kowa ya ce yanzu ya zama jirgi.

Bayan azahar motoci suka iso. Guɗa ta tashi, mata suka yi caa a kan Hajiya, wannan ta kama hannu, waccan ta shafa mayafi ta shafe fuska. Jibirilu yana daga gefe, idonsa a kan ƙanensa. Ya ga Kadiri ya kutsa da sauri ya isa ƙofa kafin kowa, ya kai hannu kan ƙusar nan, sannan ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sauke hannun a hankali, ya shiga gida ya ɗauko tiren dabino da ƙananan kofunan zamzam, ya shiga raba wa baƙi har taro ya watse.

Washegari ya zo cin abinci kamar kullum. Ya gaida wansa kamar kullum. Jibirilu ya tura masa takardu da ƙafa, ya ce ya gode, amma da ya tashi ya bar su a wurin. Lahadi ta zo ta wuce ba a gan shi bakin gota ba. Matan da ke kai ɗinki suka fara cewa shagon ya yi fili, duk abin da ke reto a sama an sauke. Iliasu ya kawo mujalla, Kadiri ya ce masa ya kai wa mai ƙosai.

Wata safiya sai ga shi a rumfar nama da ɗauri a hammata. Ya ajiye a kan tebur.

"Yaya, ga takardunka. Na goge su. Kai za su fi yi wa amfani."

Ba gatse a muryarsa, wannan ne ma ya fi ciwo. Da mai saye ta zo, Jibirilu ya zaro ɗaya zai ƙunshe mata rabin ƙauri, sai ya ga zanen alli a jiki, fiffike ne da layukan haƙarƙarinsa, an zana ba a kai ga yankawa ba. Ya mayar ya ajiye. Ya ƙunshe mata a tsohuwar jarida.

A gidansu babba ba ya ba da haƙuri da baki. Mahaifinsu ya taɓa zane Jibirilu kan kuɗin cinikin da daga baya aka gano a aljihun tsohon da kansa. Tsohon bai ce komai ba, washegari dai Jibirilu ya farka ya tarar da sabon takalmi a bakin tabarma, magana ta mutu. Haka ya gani, haka ya gada. Don haka ya fara aika nama. Ya aika hanta, Kadiri ya aiko da godiya. Ya aika harshe. Ran da aka yanka wani bijimi na arewa ya yanke tozon gaba ɗaya, wanda masu gidan abinci ke rububi, ya aika. Kadiri ya tako da ƙafarsa ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara buɗi. Rufin shago dai yana nan wayam.

Jirgin kuwa iska da yayyafi sun taɓa shi, tuwon ya bushe ya tsattsage, tururuwa suka samu hanya, fukafukan suka saki. Jibirilu ya sauke shi ya kai ɗakinsa ya ɗora a kan sif.

Hajiya Kaltume ta kira shi wata rana bayan ya taso kasuwa. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Mai-nama, zauna. Na ga ƙanenka har ya fara ƙiba."

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Ciki ka yanka masa ne da kake ta yi wa ciki magani?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ja carbi.

"Tun daga filin jirgi yaron nan yake gaya mini, Inna idan mun shiga lungu ki ɗaga kai. Sau nawa ya faɗa, shi da magana ke yi wa wuya. Wai zai ja zare abin ya sauko ya wuce ta kaina ya raka ni har ƙofa. Muka shigo na ɗaga kai, na ga jirgi irin na kowa. Na ce a raina wannan ba aikin ɗana ba ne."

"Dariya suke yi masa, Inna."

"Yau suka fara? Shi ya taɓa kawo maka ƙara?" Ta gyara zama. "Ubanku mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Amma ba duk abin da ya bari ne gado ba. Takalmin nan da ya saya maka, ka manta dukan?"

Jibirilu bai manta ba.

Kwana biyu yana zama da jirgin bayan ya dawo daga rumfa. Da tsinin ƙaramar wuƙa ya kankare busasshen tuwon, ɓarɓashi bayan ɓarɓashi, yana kiyaye kada ya huda takarda. Ya gwada mayar da fiffiken yadda yake, ya ga zaren da ya tsinke ba zai iya zura shi ba, yatsunsa sun yi kauri. Duk inda ya leƙa sai ya ga wata dabara da bai lura da ita ba a farko. Har murfin kwalbar da ke hanci an naɗe shi da ƙyalle don kada ya yi motsi. Ya kaɗa kai shi kaɗai, ya ce, "Kai, yaron nan."

Ya so ya je da sassafe, lokacin da shago ba kowa. Har ya ɗauka ya fasa. A gaban mutane ya yanka. Ya jira sai bayan la'asar, lokacin da bencin ƙofar shagon ke cika da masu jiran ɗinki da masu jiran hira. Ya ratso lungu da rigarsa ta aiki, gangar jirgi a hannu ɗaya, fukafukai a ɗayan. Awudu na zaune, ya kawo wando a rage masa.

"A'a! Ga injiniya ya iso! Yau kuma me za a feɗe?"

"Matsa mini, Awudu."

Yadda ya faɗa ya sa Awudu ya matsa ba musu. Kadiri ya tsayar da keken ɗinki, ya miƙe zai ba wansa kujera. Jibirilu ya ƙi zama. Ya shimfiɗa jirgin a kan teburin yanka, ya jera fukafukan a gefensa, suna kallon gaba.

Kadiri ya dube su. Hannunsa ya tafi da kansa, babban yatsa ya bi bakin yankan, daga sama har ƙasa.

"A gaɓa ka yanka," ya ce a hankali. "Ba ka taɓa haƙarƙari ko ɗaya ba." Sai ya janye hannun ya mayar aljihu. "Bar shi, Yaya. Takarda ce. Ya wuce."

Ga ƙofa an buɗe masa, da ya so da ya fita ta nan da girmansa. Ya buɗe baki ke nan sai rufin shago ya fara rawa. Babban jirgi ne ya taso daga fili, ƙararsa ta danne unguwa. Kowa ya yi shiru yadda aka saba. A cikin wannan rugugin Jibirilu ya faɗi abin da ya zo faɗa, shi kansa bai ji muryarsa ba. Amma Kadiri yana kallon bakinsa. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya da sauri ya miƙa hannu saman kanta, ya laluba bayan tarin yadi, ya sauko da gwangwanin sitacin da ya bushe, ya ajiye kusa da fukafukan.

Ƙarar ta yi nisa, ta koma can wajen teku. Rufi ya natsu. Kadiri ya ɗauki fiffiken dama yana juyawa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Na ji, Yaya. Riƙe mini nan."

Jibirilu ya sa manyan yatsunsa ya riƙe inda aka nuna masa, sannan ya ce:

"Kai ka ji. Su ba su ji ba."

Ya juya ya fuskanci benci, ya dubi Awudu, ya dubi sauran, sannan ya dawo da idonsa kan ƙanensa. Ya ɗaga murya irin yadda yake kiran masu saye a kasuwa, har mai ƙosai ta bakin hanya ta waiwayo.

"Jirgin nan daidai yake, haka mai shi ya nufa. Tun da wuƙata ta shiga na sani, na ƙi tsayawa don kunyar idon mutane. Abdulƙadiri, ni wanka na yi maka laifi. Don Allah ka yafe mini."